Tarihin Rudolf Diesel, mutumin da ya ƙera injin da ba ya buƙatar buji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin iyaka, ko a Ɗan Isa ko a Birnin Ƙonni ko a Gaya, ya ga manyan motoci sun yi jerin gwano suna jiran a duba takardunsu, to ya ga aikin mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan fili namu na yau. Haka nan injin niƙan da ke bayan kasuwa, da babban janareton mai sayar da ƙanƙara, da taraktan noma, duk daga tunaninsa suka samo asali. Man da suke sha, wanda mu a nan muke kira gazuwal, ƴan uwanmu na Najeriya kuma suke ce masa gas ko dizal, to wannan suna na ƙarshe sunan mutum ne, wani Bajamushe da ake kira Rudolf Diesel, wanda ya yi arziki mai yawa, ya kuma bar duniya bashi ya yi masa katutu.

An haifi Rudolf Diesel ranar 18 ga watan Maris na shekarar 1858 a birnin Paris na ƙasar Faransa. Iyayensa baƙi ne a can, daga yankin Bavariya na ƙasar Jamus suka zo neman abinci. Mahaifinsa Theodor ya koyi ɗaurin littattafai, daga baya ya koma dukanci, yana ɗinka jakunkuna da sauran ƙananan kayan fata, kuma sana'ar ba ta taɓa kai gidan ga wadata ba. A shekarar 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka ce duk wani Bajamushe ya bar Paris. Ɗan kasuwar da ya taɓa wayar gari ya tarar an rufe iyaka alhali kayansa suna ɗaya ɓangaren ya san irin wannan hali. Iyalin suka tattara ɗan abin da za su iya ɗauka suka tsallaka Landan. Da zaman ya yi wuya, sai aka tura Rudolf, yana ɗan shekara 12, zuwa garin Augsburg wajen dangin mahaifinsa, gidan wani malamin lissafi mai suna Christoph Barnickel.

Nan yaron ya nuna irin kan da yake da shi. Yana ɗan shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa shi injiniya yake son zama, a daidai lokacin da su kuma suke jiran ya fara aiki ya riƙa kawo wani abu gida. A 1875 ya samu tallafin karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta birnin Munik. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi a 1879 har jarrabawa ta wuce shi, sai ya yi amfani da watannin jira ya je ya koyi aikin hannu a masana'antar Sulzer da ke Winterthur a ƙasar Suwizalan. A watan Janairu na 1880 ya gama da sakamako mafi girma.

Cikin malamansa akwai Carl von Linde, wanda ya shahara wajen ƙera injin sanyaya kaya da yin ƙanƙara. A ajin wannan malami ne Diesel ya ji abin da ya hana shi sakat har tsawon rayuwarsa, wato cewa injin tururi, wanda a wancan zamani shi ke jan jirgin ƙasa da jirgin ruwa da masana'antu, abin da yake mayarwa aiki daga zafin gawayin da ya ci bai wuce kashi 6 zuwa 10 cikin 100 ba, sauran duk yana bin hayaƙi da iska. Mai karatu ya ƙaddara ya sayi buhu 10 na gero, buhu 9 suka zube a hanya, ɗaya tak ya iso rumfa. Malamin ya kuma koya masu lissafin wani Bafaranshe mai suna Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna cewa gwargwadon yawan zafin da inji ke aiki da shi, gwargwadon raguwar asararsa.

Abin mamaki, mutumin da zai yi suna da wuta da sanyi ya fara cin abinci. Ya koma Paris ya kama aiki a masana'antar ƙanƙara ta Linde, cikin shekara ɗaya ya zama shugabanta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi ƴaƴa uku, Rudolf da Hedy da Eugen. Da rana yana sayar da injin sanyi, da dare yana zane da lissafi. Ya ɓata shekaru yana gwada injin da zai yi aiki da tururin amoniya, abin bai kai ko'ina ba, ya watsar. A 1890 kamfanin ya mayar da shi Berlin, kuma a can ne tunaninsa ya tsaya a kan iska, wannan dai iskar da muke shaƙa.

To a nan ya kamata mu ɗan dakata, domin wanda bai gane wannan wuri ba bai gane Diesel ba. Kowa ya taɓa hura tayar keke ya san cewa bakin famfon yana ɗaukar zafi, saboda iska in aka matse ta zafi take yi, in aka matse ta da ƙarfi kuma cikin gaggawa sai zafin ya kai inda ba a zato. Mutanen kudu maso gabashin Asiya sun daɗe da sanin haka, suna da wani ɗan bututu na icce ko na ƙaho da ake sa ɗan ɓawo busasshe a ciki, a doka sandarsa sau ɗaya, sai a zaro ɓawon yana ci. Waɗanda suka rubuta tarihin Diesel sun ce ya ga irin wannan bututu, na gilashi, tun yana ɗalibi a Augsburg.

Abu na biyu shi ne, kowane mai da kowane sinadari mai cin wuta yana da wani mizani na zafi wanda in ya kai shi, a cikin iska, zai kama da kansa, babu ashana babu tartsatsi. Na gazuwal yana farawa ne daga wajen digiri 210 a ma'aunin Salsiyas, na kananzir ma nan kusa yake, na fetur, wato isansi, tsakanin digiri 250 ne da 280. Iskar gas ta girki sai ta haura 350. Wasu sinadaran kuwa ba su da haƙuri ko kaɗan. Sinadarin ita, wanda ake fesa wa injin da ya ƙi tashi, a digiri 160 yake kamawa, farin fosfaras kuma da ya wuce digiri 30 kaɗan sai ya tashi, shi ya sa a cikin ruwa ake ajiye shi, don zafin watan Afrilu na Maraɗi ya fi ƙarfinsa. Waɗannan alƙaluma sukan ɗan motsa gwargwadon irin man da yadda aka auna, kuma matsi yana sauko da su ƙasa.

Dabarar Diesel ita ce haɗa waɗannan abubuwa biyu. Injin fetur yana zuƙar mai da iska a gauraye, ya matse su kaɗan, sannan buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi, ya ba da tartsatsi. Ba ya yiwuwa a matsa su da yawa, don man zai kama tun lokaci bai yi ba ya riƙa dukan fistin. Shi kuwa injin Diesel iska zalla yake zuƙa, ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 ko cikin 20 na yadda ta shigo, zafinta ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci ne ake feso man kamar raɓa, shi kuma da ya tarar da zafin da ya ninka mizaninsa fiye da sau biyu sai ya kama da kansa. Da yake babu mai a ciki lokacin matsi, ana iya matsawa sosai, kuma wannan matsi shi ne sirrin da ya sa injin yake da ƙarfin jan kaya kuma bai cika shan mai ba. Shi ne kuma dalilin da ya sa da asubar hunturu babbar mota takan yi gardamar tashi: ƙarfen ya yi sanyi yana shanye zafin iskar, har sai an ɗumama wurin.

Mai karatu zai iya tambaya, in gazuwal ya fi fetur saurin kamawa da kansa, me ya sa fetur ne yake cinye kasuwanni da gidaje? Amsar ita ce akwai wani mizani na daban, wato zafin da mai yake fara fitar da tururin da zai kama in ya haɗu da wuta daga waje. Fetur yana fitar da wannan tururi ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, ke nan a ƙasashenmu babu sa'ar da buɗaɗɗen bido na fetur ba ya fitar da shi, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske murhun mai shayi ko guntun taba. Shi ne abin da ya faru a Yamai a watan Mayu na 2019, inda tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, mutane suka taru suna kwasa, wuta ta tashi ta kashe sama da mutum 55, haka kuma a garin Majiya na jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda aka rasa sama da 150. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 yake fara fitar da tururin, gazuwal kuma sai ya haura 50. Wannan ne ya sa gauraya kananzir da fetur, da wasu ke yi don neman riba, yake mayar da fitilar ƙwai bam a cikin ɗaki. Amma kada mai gazuwal ya saki jiki. Bututun hayaƙin inji, kusa da inda ya fito daga kan injin, yana wuce digiri 300 in ana aiki, ya zarce mizanin man, don haka gazuwal ɗin da ya ɗiga a kansa yana iya tashi ba tare da kowa ya ƙyasta komai ba. Zuba wa janareto mai yana aiki, ko kashe shi ke nan bai huce ba, ganganci ne, ko wane irin mai yake sha.

Mu koma ga mutuminmu. A watan Fabrairu na 1892 ya shigar da takardar neman haƙƙin mallakar wannan ƙirƙira, aka ba shi a ranar 23 ga Fabrairu 1893, a shekarar kuma ya buga ɗan littafi yana bayanin injin. Sai dai inji a takarda daban, inji a ƙarfe daban. Shi ba shi da kuɗin ƙerawa, sai da ya shawo kan Heinrich von Buz, shugaban masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN da muke ganin sunansa a goshin manyan motoci, sannan kamfanin Krupp ya sa kuɗi. Aka ƙera na farko, tulun ƙarfe guda mai tsayin kusan mita 3. Ranar 10 ga Agusta 1893 aka fesa masa mai karon farko, kuma fetur aka sa a ranar. Man ya kama da kansa kamar yadda lissafi ya nuna, amma da ƙarfin da ya tarwatsa na'urar awon matsi da ke jikin injin. An tabbatar da dabarar, inji kuwa bai juya ba. Sai a watan Fabrairu na 1894 ya iya juya kansa, na kamar minti ɗaya.

Shekara huɗu aka yi ana wannan fama, kuma a cikinsu Diesel ya sauka daga abubuwa da dama da ya rubuta a littafinsa. Matsin da ya yi lissafi tun farko ya kai ninki 250 na nauyin iskar sarari, babu ƙarfen da zai ɗauka a lokacin, aka dawo wajen 30 da ɗoriya. Ya so injin ya ci garin gawayin kwal, aka gwada daga baya abin bai yi ba. Babbar matsalar ita ce yadda za a tura mai cikin tulun da ke cike da matsatsiyar iska, aka ƙare da yin amfani da wata iskar da ta fi ta matsi tana hura man ciki. Ranar 17 ga Fabrairu 1897 Farfesa Moritz Schröter na Munik ya yi wa inji na uku gwaji a hukumance, da kananzir. Ƙarfinsa bai wuce na doki 20 ba, amma ya mayar da kashi 26 cikin 100 na zafin mansa aiki, fiye da ninki biyu na injin tururi mai kyau.

Daga nan kuɗi suka fara zubowa kamar ruwan Agusta. Kamfanoni daga ƙasashe daban-daban suka yi ta sayen izinin ƙerawa. Adolphus Busch, wani attajiri mai masana'antar giya a birnin St. Louis na Amurka, shi kaɗai ya biya mak miliyan 1, kuɗin Jamus na lokacin, a 1897. A ganina a nan ne Diesel ya yi kuskuren da kowane ɗan kasuwa ya sani, ya sayar da kaya tun ba su nuna ba. Injunan farko da aka kai wa masu saye sun yi ta lalacewa, wasu aka mayar da su, sunan injin ya fara ɓaci, sai da injiniyoyin Augsburg suka ƙara shekaru suna gyara kafin ya zama abin dogaro. Ga kuma shari'a: wani mai ƙere-ƙere da ake kira Emil Capitaine ya kai ƙara yana neman a soke haƙƙin mallakar, bai yi nasara ba. A Ingila kuma akwai Herbert Akroyd Stuart, wanda tun 1890 ya yi rajistar injin da ke cin mai mai nauyi, sai dai nasa sai an gasa masa wani ƙoƙon ƙarfe da wuta kafin ya tashi, matsin iska kaɗai bai isa ba. Masu suka sun yi ta cewa injin da ya yi aiki ya bambanta da wanda ke cikin takardar 1892, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ko da yake babu mai musun cewa shi ne ya nace a kan matsi mai yawa har abin ya tabbata. Ciwon kai da gajiya suka taru suka kwantar da shi a 1898, ya yi jinya a wani gidan hutun marasa lafiya a Munik.

Akwai wani abu a tarihinsa da ya shafe mu kai tsaye. A babban baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900, inda injin ya samu lambar yabo mafi girma, an nuna wani ƙaramin injin Diesel yana aiki da man gyaɗa zalla, kuma yawancin ƴan kallo ba su ma lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, saboda tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke yi sosai, su riƙa samun ƙarfin inji ba sai an yi jigilar kwal ko mai daga Turai ba. Diesel da kansa ya riƙa ba da wannan labari a laccocinsa na 1912, yana ganin man tsirrai zai yi muhimmanci wata rana. Arhar man ƙasa ta danne maganar shekaru da yawa. Sai dai kada wani ya ji haka ya ɗura wa motarsa man ƙuli, injunan yanzu bakin fesonsu siriri ne, ɗanyen man gyaɗa kuma yana da kauri, toshe su zai yi.

Burinsa tun farko shi ne ƙaramin mai sana'a, irin mahaifinsa, ya samu injin da ya dace da aljihunsa don ya iya gogayya da manyan masana'antu. A 1903 ma ya buga wani littafi mai suna Solidarismus, inda ya kawo shawarar ma'aikata su riƙa zuba ɗan kuɗi kaɗan-kaɗan cikin asusu guda, kamar adashi, har su kafa masana'antun kansu. Ƴan ɗaruruwa kawai aka saya. Injin kuwa ya bi wata hanyar: manyan masana'antu, da tashoshin lantarki, da jiragen ruwa. A 1903 aka sa shi a wani jirgin dakon mai na kogi a Rasha mai suna Vandal, sojojin ruwan Faransa suka sa shi a jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, a 1912 kuma babban jirgin Selandia da aka ƙera a Kopenhagen ta ƙasar Denmak ya tafi har Bangkok ya dawo babu kwal.

Duk wannan ɗaukaka, aljihun mai ita yana ta zurarewa. Ya gina katafaren gida a Munik, ya zuba kuɗi a cinikin filaye da haƙar mai a yankin Galisiya, duk suka nutse. Mutum ne gwanin lissafin zafi da matsi, amma a lissafin kasuwa ɗan koyo ne, kuma ya ɓoye wa iyalinsa halin da ake ciki.

Ranar 29 ga Satumba 1913 da yamma ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam zuwa Harwich a Ingila, zai halarci taron wani kamfanin injunan Diesel a Landan. Ya ci abincin dare tare da abokan tafiyarsa biyu, wajen ƙarfe 10 ya yi masu sallama, ya bar saƙo a tashe shi ƙarfe 6 da kwata. Da gari ya waye aka tarar ba a kwanta a gadonsa ba, aka kuma tsinci hularsa da babbar rigarsa a ninke kusa da shingen bayan jirgin. Bayan kwana 10 ma'aikatan wani ƙaramin jirgin ƙasar Holan suka ga gawa tana yawo a teku, ta lalace ƙwarai, suka cire abin da ke aljihunta, wato walat da ƴar wuƙa da gidan tabarau da gwangwanin magani, suka mayar da ita ruwa. Ɗansa Eugen ya shaida cewa kayan mahaifinsa ne. Matarsa Martha kuma ta buɗe wata jaka da ya bar mata kafin tafiyar, ta tarar da mak 20,000 da takardun da ke nuna cewa asusunsa na banki sun kusa ƙarewa. Yana da shekara 55. Yawancin marubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa a ruwa, wasu kuma suka zargi masu harkar mai ko hukumomin Jamus, ganin yaƙin duniya na farko ya ƙarato kuma injinsa na da amfani ga jiragen ƙarƙashin teku, amma babu wanda ya taɓa kawo hujja a kan wannan zargi.

Bai ga injinsa a kan hanya yana jan kaya ba, domin na'urar hura mai da iska ta yi wa mota nauyi. Sai a 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka fito da manyan motocin farko masu wannan inji, a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon feshin mai da yawa don sayarwa, wanda makanikai suka san jikokinsa a yau, sannan a 1936 Mercedes ta fito da ƙaramar mota ƙirar 260 D. Injin nan da Farfesa Schröter ya gwada a 1897 yana ajiye a gidan tarihi na Deutsches Museum da ke birnin Munik.